Rajistar Aro

Shekara talatin da ɗaya makullin ɗakin littattafai na wuyana,
a makarantar ƴan mata, can bayan Ali Ɗan Sofo,
inda ni da gara muke rabon takarda.
Ran da na aje aiki ban nemi agogon bango ba,
rajistar aro kaɗai na saƙale a hammata.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa,
nawa dai a rubuce yake, da jan bik.

Shafi na tara, Tsahara Nomau,
littafin taswira, ba ta maido ba.
Yarinyar da kan ɓace tsakanin aji da ɗakin kwana!
Yau ita ke bin Gulbi da ma'auni
daga Madarunfa har Gidan Rumji,
tana faɗa wa masu lambun Jiratawa
gaba nawa ruwa ya ja da baya bana.
An ce in ta nuna wuri da ɗan yatsa
ko fako ne sai ya yi gumi.

Barira Ɗan Jimo, ƙamus, har da bangonsa.
Ta taɓa ja da ni a kan wasali ɗaya
har miya ta huce a ɗakin cin abinci.
Bara na leƙa kotu na same ta cikin baƙar riga,
wani mai tireloli goma sha biyu tsaye gabanta
yana neman inda zai sa hannuwansa.
A hankali take magana.
Wannan kam ba ni na koya mata ba.

Hurera da Sa'ade, suna biyu, aro ɗaya.
Ta farko na duba bakin jajayen awaki a karkarar Dakoro,
makiyaya na kiranta tun kafin su kira ƴan uwansu.
Ta biyu ke karanta labaran dare a rediyo,
har yanzu tana haɗiye wutsiyar jimla,
ni kuma ina gyara mata daga kan tabarmata.

Shafi na arba'in nakan tsallake shi.
Rahila Arzika.
Ko kwana ɗaya ba ta taɓa ƙarawa ba,
kusurwar shafi ma ba ta naɗewa.
Jarirai nawa suka fara kuka a tafinta
kafin damanar da zazzaɓi ya karɓe ta?
Ita kaɗai ce ba na bi,
ita kaɗai nake jira.

Sai Kuluwa Labo, uwar masu laifi,
littafi bakwai, alƙawari ɗari.
Ran Alhamis na ji kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida,
ga ta da furfura biyu da tabarau,
ta durƙusa, ta tura mini wani abu cikin leda.
Shekara shida, in ji ta, tana zaune gaban tsofaffi,
tana kwashe abin da suka tuna
na ruwan da ya tashi tsohon gari ya hau da shi tudu,
wa ya ɗauki turmi, wa ya ɗauki uwarsa.
Sunanta ne a bango, da manyan baƙaƙe.
Ta ce, Madam, a rage mini ɗaya.

Na lissafa tara, dala a kowace rana,
na ga ko gonar gujiya ba ta biya.
Na lalubo jan bik, ya bushe,
na hura masa, na rubuta: saura shida.

Da la'asar ƴar maƙwabta ta shigo ɗaukar wuta,
ta ga littafin, ta manta da garwashi.
Na ce, sunanki da na mahaifinki.
Kwana goma sha huɗu.
Ta ce to, idonta na shafi na uku.
Na san irin wannan to ɗin.
Na buɗe sabon shafi.